Janar Ɗan Shekara Huɗu

Mijina tela ne, amma idan kana so ya juyo da sauri, ka ce masa Janar. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa. Ni kuwa ya yi mini daidai, tunda dama bakina ba ya iya kama sunansa na yanka. Bai taɓa shiga soja ba. Abin da ya haɗa shi da soja gashin baki ne kawai, wanda ya shekara uku yana kiwo, yana shafa masa mai, yana murza gefe biyun har su miƙe sama kamar ƙahon rago. Ranar da aka kawo ni gidan, kafin ya tambaye ni ko na gaji, sai da ya tambaye ni yadda na ga gashin bakin.

Gidanmu na haya ne, ɗaki shida, famfo ɗaya a tsakar gida. Ɗakinmu ne na ƙarshe, na Inna, mahaifiyarsa, yana kusa da ƙofa. Shagon Mai Aski a jikin gidan yake, ƙofarsa na kallon titi, tagarsa ta baya na kallon igiyar shanyarmu. Ta wannan tagar nake jin hirar maza ba tare da na tambayi kowa komai ba.

Akwai wani wasan waya da yaran gidan ke yi, sunansa Kwashe Ƙwai. Wata kaza ce ruwan ɗorawa ke gudu a gona, kana tura ta da yatsa tana kwasar ƙwai, shirwa na bin ta ta sama. Da can na yara ne zalla. Sai waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka ga yara sun yi musu kaɗan, suka ƙara ƙofa biyu: ta manya har da tsofaffi, mai manyan haruffa, da ta ƙanana 'yan shekara uku zuwa biyar. Suka kuma kafa allon unguwa, inda ake jera sunayen masu wasa na kusa, wanda ya fi ƙwai a sama. Daga nan magidanta suka shiga ƙwace wa 'ya'yansu waya.

Ranar Litinin da hantsi ina shanya, na jiyo muryar Janar ta tagar.

"Yatsan nan da kuke gani, shi ke zura zare a allura ido rufe. Kaza ce za ta gagare shi?"

Mai Aski ya ce, "To ga allo. Ta ɗaya wata ce wai ita Tsohuwar Kaza. Kai kana na nawa?"

"Na talatin da ɗaya. Amma netwok ne."

Direba, maƙwabcinmu na ɗaki na uku, ya ce daga kan kujerar aski, "Mu talatin da biyu ne a allon fa. Na ƙarshen kuma wayarsa ce ta faɗa bokiti."

Aka tuntsire da dariya. Ni na san Janar, dariya ce ke kunna shi kamar injin. Na ji ya buga benci.

"Asabar ƙarfe huɗu, lokacin da ake rufe allon mako. Idan sunana ba ya sama, ka aske gashin bakin nan a gaban kowa!"

"Ku shaida, jama'a," in ji Mai Aski. "Shekara uku ina kallon ciyawar nan tana wuce ƙofar shagona ba ta shigowa."

Da rana Janar ya shigo ɗaki yana ƙyalli kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ya sakaya ƙofa, ya zaunar da ni a bakin gado.

"Amarya, kin auri ƙwaƙwalwa. Na gano ƙwai duk ɗaya ne a allon, ko ta wace ƙofa ka kwaso shi. A ƙofar ƙanana kuwa, shirwa tafiya take kamar mai ciwon baya. Yanzu na sake rajista: suna Janar, shekara huɗu. Lambar wayar uwar yaro kawai suke nema. Kawo taki."

Na ce a hankali, "Ba ta Inna za ka sa ba?"

"Inna? Inna ta san ta ina ake kunna waya?"

Na miƙa masa wayata. Amma tun watan jiya na lura Inna na kawo mini wayarta caji sau biyu a rana, kuma ran da na kai mata ruwa ɗaki na ga wani abu ruwan ɗorawa na gudu a cikin gilashin idonta. Ba a tambaye ni ba, na bar wa cikina.

Ya sa lambata, ya sa na yi alkawarin ba zan buɗe baki ga kowa ba. Na yi.

Abin da Janar bai bincika ba shi ne, ƙofar ƙanana ba a banza take ba da ƙwai ba. Bayan kowane ƙwai biyar, sai wata mace mai zaƙin murya ta tsayar da wasan ta ce, "Ɗan albarka, yaya kaza take yi?" Kuma ba za ta sake ka ba sai ka yi kukan kazar a bakin wayar. Bayan minti goma sha biyar kuma allon ya yi duhu, ta ce, "Janar, ya isa haka. Je ka sha ruwa, ka gaishe da Mama." Nan take wayata ta nuna maɓalli biyu: kore na ƙarin lokaci, ja na rufewa sai gobe. Karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa wayata da baki take karanta mini saƙo. A wunin farko sau goma sha tara ta ce mini, "Mama, yaronki yana roƙon ƙarin lokaci," sau goma sha tara na danna kore.

Keken ɗinki ya yi shiru a shago, ɗakinmu ya koma akurki. Da farko a maƙogwaro yake yi, matar wasan ta ce, "Ban ji ba, ƙara ɗaga murya!" Zuwa Talata ya gwanance, yana kyarkyara har da karkaɗa gwiwar hannu ba tare da ya sani ba.

Matar Direba ta leƙo da yamma. "Amarya, ashe kin fara kiwo? Idan ta yi ƙwai, a sam mana biyu."

Don a rage ƙarar, Janar ya koma yin wasan a cikin durowar kayana, ya ja murfi. Laraba da safe sai ga Baba Mai Gida da sandarsa. Tun da akuyar wani ɗan haya ta cinye masa labule ya hana ajiye dabba a gidan.

"Ina kazar?"

Na sunkuyar da kai. "Wace kaza, Baba?"

"Wadda ta kwana biyu tana kyarkyara, ba ta yi ƙwai ba, ba ta yi shiru ba."

Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zungura bayan labule. Daidai lokacin durowa ta ce, "Kwak-kwak-kwak-kwaaak!" Baba ya gyara riƙon sanda, ya fizge murfin. Ga Janar a tsugune tsakanin zannuwana, gumi na ɗiga ta gashin baki, ya cusa waya a hammata.

"Malam Tela, lafiya?"

"Awo nake, Baba. Awon cikin durowa."

"Da baki?"

"Maƙogwaro ke damuna. An ce in riƙa motsa shi."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "To a motsa shi a hankali. Kuma idan na ga gashin kaza ko ɗaya a tsakar gidan nan, kai da maƙogwaron ku nemi wani ɗaki."

A ranar Janar ya hau na tara. Ya fita shagon aski yana tafe yana buɗa kafaɗa, ya ce musu yanzu ya fara ɗumama yatsa. Direba ya tambayi wandonsa da ya ba shi gyara, ya miƙa masa. Da Direba ya zura ƙafa, sai ya tarar an ɗinke bakin ƙafar hagu ruf. Janar ya ce sabon yayi ne na hana sauro.

Har nan abin dariya ne. Alhamis ce ta zo da abin da ba na dariya ba.

Muna layin famfo, ni da Matar Direba da Mai Kitso, Inna na zaune kan kujerarta 'yar tsuguno tana shan hantsi. Wayata na soke a ƙugu. Sai kawai ta buɗe baki, murya tar:

"Barka, Mama! Yau yaronki ɗan shekara huɗu ya iya ƙirga har goma. Ki rungume shi. Sunansa Ja..."

Na danne ta da hannu biyu, amma ruwa ya riga ya zube. Famfon ma kamar ya rage gudu.

Matar Direba ta sauke bokiti. "Ja wa? Jafaru ne ko Jabiru?"

Mai Kitso ta shiga lanƙwasa yatsu. "Wata goma da aure, yaro shekara huɗu. Ko dai lissafin nawa ne ya tsufa?"

Matar Direba ta ce, "Masu shiru-shirun nan ai sai Allah. A ina aka ɓoye mana shi, Amarya? A kawo shi mana, mu ma 'ya'ya gare mu."

Alkawari ya riƙe mini harshe. Inna ta miƙe. Ta ɗauki kujerarta ta shige ɗaki. Tun da aka kawo ni gidan "'yata" take ce mini. Da na kai mata abinci da rana, ta ce, "Ke, ajiye nan." Wannan "ke" ɗin ta fi mini duk surutun famfo ciwo.

Na samu Janar a durowa, na ƙwanƙwasa masa kamar baƙuwa.

"Don Allah ka faɗa wa Inna, ko ita kaɗai. Matan gidan nan sun gama da sunana."

Bai ɗago ba. "Bari Asabar ta wuce, Amarya. Suna ai wanke shi ake yi, kwana biyu an manta. Gashin baki kuwa shekara uku ne. Danna mini kore, ina na uku."

Na danna masa. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙaya.

Juma'a ko tsakar gida ban iya ratsawa ba sai na ji ana tari. Matar Direba ta aiko mini da tsohon takalmin ɗanta, wai ko zai yi wa nawa.

Asabar da azahar Janar ya fito daga durowa da ihu: ya hau na ɗaya. Ya kashe waya, ya yi wanka sau biyu, ya sa wata riga da ya ɗinka wa kansa mai igiyoyi a kafaɗa, ya kusan ƙarar da kwalbar mai a gashin baki. Ya aika a gaya wa Mai Aski ya tara mutane, kuma ya jona waya da talabijin ɗin shagon don kowa ya gani da idonsa.

Ƙarfe huɗu saura ashirin shagon ya cika har titi. Mu mata muka taru a tagar baya, ni a can ƙarshe kusa da igiyar shanya. Janar ya shiga yana ɗaga hannu kamar mai duba fareti. Aka jona waya, allo ya fito.

Ta ɗaya: Tsohuwar Kaza. Na biyu: Janar. Tazarar ƙwai goma sha biyu. Yana can yana wanka, ita tana kwasa.

Mai Aski ya ɗauko aska ya fara wasa ta a tafin hannu. "Akwai sauran lokaci, Janar. Ko netwok ne?"

Ba yadda zai yi. Ya danna wasan. Talabijin ta cika da balan-balan, wata rana mai murmushi ta leƙo, shirwa ta fito sanye da hular barci tana hamma.

Direba ya matso. "Wannan wace ƙofa ce? Tamu ba haka take ba."

"Ƙofar ƙwararru ce. Ba kowa ake buɗe wa ba."

"Shirwar ƙwararru ce ke gyangyaɗi?"

"Yaudara ce irin ta yaƙi. Ka yi mini shiru."

Ƙwai ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Wasa ya tsaya cak. Muryar nan mai zaƙi ta cika shagon: "Ɗan albarka, yaya kaza take yi?"

Janar ya yi tari. Ya dubi agogo. Ya dubi askar.

"Ban ji ba, ƙara ɗaga murya!"

Ya rufe ido. "Kwak-kwak-kwak-kwaaak!"

Baba Mai Gida ya zabura daga kan benci, sanda a sama. "Ita ce! Wallahi kazar nan ce! Ko a mafarki na san muryarta!"

Shago ya ɗauka da dariya. Direba ya faɗo ƙasa yana riƙe ciki. Wani mai sayar da katin waya ya ce a ɗauko kwando kafin ya saki ƙwan a ƙasa. Amma Janar ya riga ya tsallake kunya, ya ce ƙwai ƙwai ne, ba a ce ga ƙofar da za a bi ba. Ya ƙara biyar, ya ƙara kyarkyara, wannan karon har da gwiwar hannu. Garin sauri, sau biyu shirwa mai gyangyaɗi na cafke shi, ya koma baya. Sha ɗaya. Sha biyu. Sun yi kunnen doki. Ƙwai ɗaya ya rage, ga shi can a gindin shinge, huɗu saura biyar.

Allon ya yi duhu.

"Janar, ya isa haka. Je ka sha ruwa, ka gaishe da Mama. Idan kana son ƙari, nemi izinin Mama."

Wayata ta fara motsi a ƙugu. Na danne bakinta da tafin hannu kafin ta ce komai.

A shago kuwa sai ihu: "A kira Inna! A kira uwar yaro!" Ba a jima ba Inna ta shigo ta ƙofar titi, gilashi a karan hanci, waya a hannu.

"Mene ne? Ni ba abin da ya shigo mini. Ku duba."

Ta miƙa wa Direba wayar. Ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa. "Jama'a, ga Tsohuwar Kaza!"

Janar ya buɗe baki har gashin ya karkace. "Inna? Ke ce?"

"Wa kake zato? Gwiwa ce ta hana ni yawo, ba yatsa ba."

"Inna, ki rufa mini asiri, ƙwai ɗaya ne."

"Na haife ka, na yaye ka, na aurar da kai. Ƙwan ma ni zan ba ka? Wai ma wace ce Maman taka, tunda ba ni ba ce?"

Wayata na ta motsi a ƙarƙashin tafina. Na tuna takalmin da aka aiko mini. Na tuna "ke, ajiye nan." Na yi alkawarin ba zan buɗe baki ba, gaskiya ne. Amma ban yi alkawarin toshe bakin waya ba.

Na cire hannuna.

"Mama, yaronki ɗan shekara huɗu yana roƙon ƙarin lokaci. Sunansa Janar."

Matan taga suka dare gida biyu, suka bar ni a fili. Duk idon shagon ya juyo. Na matsa har bakin tagar. Matar Direba ta dubi Janar, ta dube ni, ta dafe ƙirji.

"Wannan ne yaron?"

Na ɗaga kai alamar e.

Mai Kitso ta ce, "Kai, amma an ci abinci. Shekara huɗu har da gashin baki!"

Janar ya taso ya kama ƙarfen tagar. "Amarya, kore. Saura minti biyu. Danna kore, tawan."

"Ba haka ake roƙo ba," in ji Mai Aski. "Ka ce Mama."

Ya dubi agogo. "Mama, don Allah."

Ban taɓa magana a gaban maza fiye da biyu ba. Muryata ta fito siririya, amma shagon ya yi tsit har ana jin ƙarar fanka. Na ce:

"Janar, ya isa haka. Je ka sha ruwa."

Na danna ja.

Talabijin ta saki waƙar lallashin jarirai, shirwa ta ja bargo, aka rubuta sai gobe. Inna ta karɓi wayarta, ta gyara gilashi, ta ɗan shafa yatsa sau ɗaya ta ƙara ƙwai guda, wai don kada a ce kunnen doki aka yi. Agogo ya buga huɗu.

Mutum huɗu suka ɗora Janar kan kujerar aski. Ya ce a bar masa rabi, Mai Aski ya ce wane rabin, na dama ko na hagu? Janar ya ce to a ɗauke duka. Shekara uku ta sauko kan tawul cikin minti ɗaya. Baba Mai Gida ya ce a share da kyau, ya riga ya faɗa ba ya son ganin gashin kaza a gidansa.

Da aka juyo da shi daga madubi, leɓensa fari fat kamar bai taɓa ganin rana ba. Inna ta kama haɓarsa, ta juya dama ta juya hagu.

"Yanzu kam ya yi kama da shekarunsa." Sannan ta ɗago ta neme ni a taga. "'Yata, zo ki ɗauki yaronki."

Kafin mu kai ɗaki, Janar ya fara bayani. Wai dama gashin zafi yake sa shi, kuma janar-janar na zamani duk sun daina ajiye gashin baki, shi ne ma ya shirya komai don ya samu aski kyauta. Yana magana yatsunsa na zuwa gefen baki suna murza iska. Matar Direba ta aiko 'yarta ta karɓi takalmin nan, wai ta ga ba zai shige shi ba.

Na zuba masa ruwa a kofi, ya shanye tas. Ruwan dai ya sha. Gaisuwar Mama ce har yau nake jira.